Raba giraun gida biyu ba ya kawar da hayaniyar lantarki

Wasu ɗaliban injiniya da ke koyon zana allon da'irar lantarki suna ɗauka cewa yanka shimfiɗar tagullar giraun (wato shimfiɗar da lantarki ke bi ya koma tushensa) gida biyu, ɓangaren analog daban na dijital daban, shi ne maganin hayaniya, wato siginar da ba a so da ke gurɓata siginar gaske. Sau da yawa hakan ƙara ta yake yi. Duk lantarkin da ya fita sai ya koma tushensa, kuma idan siginar mai sauri ce, ta ƙarƙashin layin tagullar da ke ɗauke da ita yake komawa. Da zarar layi ya tsallaka yankan, dole lantarkin ya yi dogon zagaye, zagayen kuma ya zama eriya mai watsa hayaniya. Ya fi kyau a bar shimfiɗar ɗaya cikakkiya, a jera kayan analog nesa da na dijital.