Kai ɗalibai kurmi: shirin Kumasi da namu na gida

Yaron Kano da yaron Kumasi duk jarrabawar WAEC suke rubutawa, kuma duk ana karantar da su kurmi a darasin labarin ƙasa: dogayen itatuwa, ruwa kusan shekara, rana ba ta isa ƙasa. Sai dai na Kumasi sau da yawa ya taɓa sa ƙafa a ciki, namu kuwa haddacewa ya yi. Tun da neman abinci ya kawo ni Ghana nake ganin makarantu suna ɗibar yara zuwa gandun dajin Kakum da ke arewa da Cape Coast. Abin da ya fi burge ni ba dajin ba ne, abin da ake yi kafin mota ta tashi ne.

A makarantar 'yata, makonni kafin ranar aka tara iyaye. Malamar kimiyya ta ce, "Iyaye, don Allah ban da silifa, ban da sabon takalmi." Takalmi rufaffe wanda ƙafa ta saba da shi, riga mai dogon hannu saboda sauro, rigar ruwa ko da gari ya waye tas, gorar ruwa ɗaya ga kowa. Mai asma ko mai tsoron hawa sama, a faɗa tun yanzu. Wata Hajiya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, azahar fa, ina za su yi?" Nan take aka sa a jadawali. Ita ce kuma ta ba da shawarar 'yan mata su sa wando da hijabi madaidaici, kada dogo ya sarƙe da igiyar gada.

Gadar nan ita ce ke jan kowa. A 1995 aka buɗe ta, gadoji bakwai na igiya da katako a rataye tsakanin itatuwa, tsawonsu ya haura mita 300, wani wurin kusan mita 40 tsakaninka da ƙasa. Yaron da ba a shirya ba, ihu zai yi ya tsallake, a ɗauke shi hoto, ya dawo bai ga komai ba. Shi ya sa malamar ta raba su rukuni-rukuni tun a aji, kowane da aikinsa. Wasu za su duba gindin rimi, yadda saiwarsa ke tashi kamar katanga, su faɗi dalilin da itace mai wannan tsawo yake buƙatar madogara a ƙasar da saiwa ba ta nisa. Wasu za su bi layin kwarkwasa da ido, ba da ƙafa ba. Ta kuma gaya musu gaskiya: akwai giwayen kurmi a Kakum, amma da wuya su gan su, don dabba ba ta jiran yara arba'in masu surutu.

Ba komai nasu nake yabawa ba. Da yawa suna haɗa Kakum da kurkukun bayi na Cape Coast ko Elmina a wuni ɗaya, bayan tafiyar awa huɗu zuwa biyar daga Kumasi. Yaro ya fito daga ɗakin da aka tsare bayi yana hamma. Wannan ganganci ne da tarihi.

To mu fa? Yadda na sani a gida, shirin yawon makaranta kuɗin mota ne, rigar anko, da kular shinkafa. A cika bas maƙil a nufi Yankari, a yi iyo a ruwan ɗumi na Wikki, a dawo. Ka tambayi yaro me ya koyo, ya ce biri ya ƙwace masa biredi. Na san tsoron hanya gaskiya ne. Uban da ya hana ɗansa doguwar tafiya a wannan zamani ba zan ga laifinsa ba. Amma kurmi ba sai Ghana ba. Akwai gandun dajin Kuros Riba da aka kafa a 1991, akwai Okomu a Edo, akwai Ngel Nyaki a tsaunin Mambila cikin Taraba. Kuma raba wa yara tambayoyi a aji ba ya cin ko kwabo.

Ta wani gefen ma yaranmu sun fi su jari. Ɗan ƙauye ya san kuka, ɗorawa, kaɗanya da tsamiya daga nesa, ya san wadda ke kaɗe ganye da rani. Ɗan Zariya ya san rimi tun yana goye. Wanda ya san waɗannan, in ya shiga inda ganye ba ya ƙarewa, shi da kansa zai fara tambayar me ya sa.

Da ni ke shirya tafiyar, da goro zan fara. Fatakenmu sun yi watanni a hanyar Gwanja da jakuna, suna sayen goron kurmin Asante a kasuwar Salaga su kai Kano. Yau babu ɗaurin aure ko suna da ba a raba shi, amma a ajin yara hamsin ban ce akwai ɗaya da ya taɓa ganin bishiyarsa ba. Sai in ba kowa ƙwaya ɗaya, in ce idan mun isa kudu ya nemo mini uwarta.