Ina Wajen Caji

An ɗauke mana wuta, wayata ta mutu, na kai ta shagon mai caji na bakin layi. Hajiya ta neme ni ta lambar yaron shagon, ga ƙarar janareto, sai na ɗaga murya na ce, "Hajiya, ina wajen caji!" Ita kuwa caji ɗaya ta sani a duniya, caji ofis.

Kun dai san Hajiya. Kafin la'asar ta taso Kawu, ta taso Yaya, har an aika wa maƙwabcinmu ya fito da takardar fili saboda beli. Kawu ya zuba babbar riga, ya yi shatar adaidaita sahu. A ƙofar ofishin 'yan sanda aka caje shi tsaf, har goron aljihunsa sai da ya ga rana. Aka duba littafi, babu sunana.

Ni kuwa ina kan benci, na miƙe ƙafa, ina shan rake ana musun ƙwallo. Sai ganin babbar riga na yi a kaina, ko sallama babu. Kawu ya dubi raken, ya dube ni, ya sake duban raken.

"Kai, nan ne caji ofis ɗin?"

Na miƙe da tuƙar rake cike da baki, ba damar tofarwa, ba damar haɗiyewa. Ya kama kunnena, da gemuna da komai, a gaban yaran da nake aika sayen kati.

Turawa ma da alhakinsu. Batir caji, kuɗin aiki caji, tuhuma a kotu caji, har shugabar asibitin unguwarmu incaji ake ce mata. Amma wanda ba zan yafe wa ba shi ne yaron shagon nan. Maimakon ya ba da haƙuri, sai cewa ya yi, "Baba, ai shi kullum cikin caji yake." Yana nufin waya, in ji shi. Kawu kuwa ya ɗauka cajin 'yan shaye-shaye ne, ya ce in buɗe baki ya sansana. Na buɗe! Yaron da ya musanya mini caja a Sallar bara, har yau yana rantsuwa wai tawa ce.

Kawu ya caje ni kuɗin shata, zuwa da dawowa, da na goro. Da na karɓi wayar kuma ta ƙi kawowa, ashe yaron bai ma jona ta ba.