Turai da zanen yatsun 'ya'yan masu neman mafaka

Idan ana maganar kare sirrin mutum a zamanin intanet, Tarayyar Turai ce duniya take kallo. Tun ranar 25 ga Mayun 2018 da dokarta ta kare bayanai, wadda ake kira GDPR, ta fara aiki, manyan kamfanoni suka shiga taitayinsu. A Mayun 2023 hukumar kare bayanai ta Ireland ta ci kamfanin Meta, mai Facebook, tarar Yuro biliyan 1.2 saboda kwasar bayanan Turawa zuwa Amurka. Dokar ta sa zanen yatsa da siffar fuska cikin bayanan da ba a taɓa su da wasa. Ta kuma ce yaron da bai kai shekara 16 ba, sai da yardar iyayensa manhaja za ta tattara bayanansa, kodayake an bar wa kowace ƙasa damar rage shekarun zuwa 13.

Na yaba wa wannan doka, har gobe. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda wannan tsantseni yake narkewa da zarar an iso bakin iyaka.

Akwai wani rumbun bayanai mai suna Eurodac da ya fara aiki a Janairun 2003. A cikinsa ake ajiye zanen yatsun duk wanda ya nemi mafaka a ƙasashen Tarayyar, domin a san ƙasar da ya fara sa ƙafa, tunda ƙa'idar Dublin ta ɗora wa wannan ƙasa nauyin sauraron buƙatarsa. Da farko aikinsa ke nan. Daga Yulin 2015 aka buɗe wa 'yan sanda da Europol, hukumar 'yan sandan Tarayyar, ƙofar bincike a ciki. Sai kuma sabuwar yarjejeniyar ƙaura da mafaka, wadda majalisar Turai ta amince da ita ranar 10 ga Afrilun 2024, aka tsayar da Yunin 2026 don fara aiki da ita. Wannan ta ƙara hoton fuska, suna, ranar haihuwa da ƙasar asali a kan zanen yatsa, ta kuma rage shekarun wanda za a ɗauka daga 14 zuwa 6. Bayanan mai neman mafaka za su zauna shekara 10.

A tsaya a kalli abin da kyau. Yaro ya sauko daga kwalekwale a tsibirin Lampedusa na Italiya, an lulluɓe shi da bargon leda mai ƙyalƙyali, leɓɓansa sun tsattsage saboda ƙishirwa da gishirin teku. Wataƙila ta Agadas da Libiya iyayensa suka biyo da shi. Kafin ya san sunan ƙasar da yake, jami'i ya kama 'yan yatsunsa ya danna a kan gilashin na'ura ɗaya bayan ɗaya. Uwarsa tana tsaye, ba ta jin yaren, kuma ko tana ji ba ta da bakin cewa a'a.

Masu kare tsarin suna da hujja, ba kuma ta raini ba ce. A Janairun 2016 Europol ta ce yara aƙalla 10,000 da suka shigo Turai ba tare da iyaye ba sun ɓace daga idon hukuma. Suna cewa idan an ɗauki yatsun ƙanana, za a fi iya gano su, a ƙwace su daga hannun masu fataucin mutane, a sada su da danginsu. Haka kuma babu ƙasar da za ta karɓi mutum fiye da miliyan ɗaya a shekara guda, kamar yawan da ya shigo Turai a 2015, ba ta rubuta su waye ba. Na yarda da rajista. Tambayata ita ce, idan don kare yaro ake yi, me ya kai yatsansa rumbu ɗaya da wanda ake buɗewa wajen neman masu manyan laifuka da kuma shirya mayar da mutane gida? An sa ƙarin sharuɗɗa kafin 'yan sanda su taɓa bayanan ƙananan yara, gaskiya ne, amma rumbun dai shi ne.

Ana yawan rubuce-rubuce a cibiyoyin nazarin manufofi na Turai kan yadda hukumomi za su jure girgiza ba su durƙushe ba. Sau da yawa abin da ake nufi shi ne ƙarin na'urori da haɗa rumbu da rumbu. Sai dai tarihin Eurodac kansa ya nuna iyakar wannan tunani. An sha samun mutanen da suka ƙona yatsunsu da ƙarfe mai zafi, ko suka kankare su da reza, don kada na'ura ta gane su a mayar da su Italiya ko Girka alhali 'yan'uwansu suna Jamus ko Suwidin. Mutumin da ya gwammace ya ƙone hannunsa a kan ya ba ka sunansa na gaskiya ya riga ya yanke ƙauna daga gare ka, kuma duk bayanin da ka tara a kansa gurɓatacce ne. Hukumar da ke aiki da irin wannan bayani, ko da kwamfutocinta sun cika ɗaki, a kan yashi take tsaye.

Kotuna da hukumomin Turai su da kansu sun fara nuna inda aka wuce gona da iri. Tun 2017 ofishin kula da 'yan gudun hijira na Jamus yake karanta wayoyin masu neman mafaka da ba su da fasfo. A Fabrairun 2023 kotun ƙoli ta harkokin mulki da ke Leipzig, a ƙarar wata mata 'yar Afghanistan, ta ce binciken wayarta ya saɓa doka, don ba a fara gwada hanyoyi masu sauƙi na tantance ta ba. A Afrilun 2024 hukumar kare bayanai ta Girka ta ci ma'aikatar ƙaura tarar Yuro 175,000 kan na'urorin sa ido da aka girka a sansanoni. Ga kuma kuɗin bincike: Yuro miliyan 4.5 aka zuba a wani shiri mai suna iBorderCtrl, wanda ya gwada manhajar da wai za ta gano maƙaryaci daga motsin fuskarsa a iyakokin Hungary, Latvia da Girka. Ka yi tunanin macen da aka ci zarafinta a hanya, fuskarta tana rawa, na'ura kuma tana auna ta.

Dokar Turai kan fasahar AI, wato ƙirƙirarriyar basira, wadda ta fara aiki a Agustan 2024, ta haramta na'urar karanta yanayin zuciya a makaranta da wurin aiki, amma ba ta haramta ta a kan iyaka ba. Irin waɗannan na'urori da ke cikin manyan rumbuna kamar Eurodac kuwa an ba su wa'adi har ƙarshen 2030 kafin su cika ƙa'idojin.

Akwai kuma haɗarin satar bayanai. A Janairun 2022 aka gano cewa masu kutse sun shiga bayanan mutum fiye da 515,000 na shirin Red Cross na sada iyalan da yaƙi ya raba. Wanda ya tsere wa gwamnatin ƙasarsa, fallasar sunansa tana iya jawo a kama mahaifinsa a gida.

Turai ta san wata hanya, don ta bi ta. A Maris ɗin 2022 ta ba 'yan Ukraine kariya ta wucin gadi, mutum sama da miliyan 4 suka yi rajista, suka samu izinin aiki da makaranta da asibiti ba tare da shafe shekaru suna jira a sansani ba. Ba sai an kora su ba, da ƙafarsu suka je ofis, saboda rajistar tana da amfani a gare su. Abin da nake so masu tsara manufofi su ɗauka ke nan. A raba bayanan yara daga rumbun da 'yan sanda ke shiga. A ba kowa damar ganin abin da aka rubuta a kansa cikin yaren da yake ji, tare da lauyan da zai taimaka masa ya gyara kuskure, tunda wannan haƙƙi yana nan a takarda amma samunsa daga cikin sansani aiki ne ja. Kuɗin da ake kashewa kan na'urar gano ƙarya kuma a mayar da shi wajen ɗaukar tafintoci da ma'aikatan da za su yanke wa mutum hukunci a kan lokaci.