Kafin ka sayi tikitin gidan lilo, ka auna tsawon autanka

Makon jiya ƙanwata ta kira ni, ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ta ce, "Yaya, mun tara kuɗin hutun nan, yara sun kafe sai babban gidan lilo. Disney za mu je ko? Wanne daga ciki?" Na ce ta fara turo min tsawon kowane yaro da santimita. Ta yi jim, ta ce, "Yaya, ni fa ba ɗinki zan kai ba." Na yi dariya, amma da gaske nake. Tunda na san ba ita kaɗai ke da wannan tambayar ba, bari in zuba abin da na gaya mata a nan. Wanda bai yarda ba, ga fili ga mai doki.

Mu fara da lissafin da ba a son yi. Ka shiga ƙarfe 9 na safe, ka fito 9 na dare, awa 12 ke nan. Jirgin gangara, wato jirgin nan da sarƙa ke ja sama a kan dogo ta sake shi ya gangaro da nauyinsa, yawanci minti biyu zuwa uku yake yi. In ka taki sa'a ka hau goma a wuni, rabin awa ka yi a sama. Sauran awa 11 da rabin fa? Tsayuwa a layi, tafiyar ƙafa, neman inuwa, neman banɗaki, lallashin yaron da ya gaji. A nan rabin kuɗinka da duk ƙarfinka suke tafiya. Shi ya sa in ana gardamar wane gida ya fi, ni ba na tambayar wa ya fi dogon jirgi. Abin da nake tambaya shi ne, yaya wurin yake a lokacin da ba ka kan komai?

Ɗauki Ferrari World na tsibirin Yas a Abu Dabi, wanda aka buɗe a 2010. Jirginsu Formula Rossa yana kai gudun kilomita 240 a awa cikin abin da bai cika daƙiƙa biyar ba, har sai an ba ka tabarau ka ɗaura, don a wannan gudun ƙwayar yashi ko ƙaramin ƙwaro ya isa ya yi wa ido illa. Shekara da shekaru shi ya riƙe kambun gudu a duniya. Abin burgewa ne, ban musa ba. Amma duk tafiyar minti ɗaya da rabi ce. Ba na ɗaukar iyali in tsallaka teku saboda minti ɗaya da rabi. Abin da zai sa in zaɓi Yas wani abu ne daban: an rufe yawancin wurin da rufi an sa na'urar sanyi, haka ma Warner Bros. World da ke kusa da shi tun 2018. A ƙasar da zafin bazara ke wuce digiri 40, wannan rufin ya fi jirgin daraja a wurin uwa mai goyo.

Maganar awo kuwa, jiki magayi. Wata shekara na kai iyalina wani babban gidan lilo, lokacin 'yata tana shekara biyar. Wata biyu ta yi tana kallon wani jirgi a waya, har ta haddace inda yake lanƙwasa. Muka isa bakin layi, ga wani sanda a kafe da ƙarfe a gicciye a samansa. Ma'aikaciyar ta ce ta tsaya a ƙarƙashi. Yarinya ta miƙe wuya, ta yi ɗage, ta tsaya kan yatsun ƙafa. Matar ta yi murmushi ta nuna mata ta sauke dunduniya. Tsakanin kanta da ƙarfen nan yatsa biyu ne kacal. Ta juyo ta kalle ni, ido ya ciko, ta ce, "Abba, ka gaya mata na girma." Ranar sau huɗu ana mayar da mu, kuma laifin nawa ne ni kaɗai, domin an rubuta tsawon da kowane lilo ke buƙata a shafinsu na intanet, ban duba ba. Ba mugunta ce ta sa suke awon ba. Ƙarfen da ke danne cinya ko kafaɗa an ƙera shi ne daidai wani girman jiki, yaron da bai kai ba zai iya zamewa ta ƙarƙashi. Ba a roƙo, ba a "taimaka mana". Jirgin Space Mountain na Magic Kingdom, ɗaya daga gidajen Disney na Fulorida, santimita 112 yake nema, manyan jirage a wasu wuraren kuma daga 120 har 140. In autanka 100 ne, rabin abin da ka gani a talla ba naka ba ne.

Akwai dabara ɗaya da iyaye da yawa ba su sani ba. Yawancin manyan gidajen suna da tsarin musayar yaro: uba ya hau, uwa ta tsaya da ƙaramin, in ya sauko ita ta hau ba tare da ta koma bayan layi ba. Sai dai ka tambaya a bakin ƙofar lilon kafin ku shiga layi.

To, Disney. Da farko Disney ba ɗaya ba ne. Na asali shi ne Disneyland na Anaheim a Kalifoniya, wanda Walt Disney ya buɗe ranar 17 ga Yuli, 1955. Sai Walt Disney World na Fulorida a 1971, sai Tokyo a 1983, Faris a 1992, Hong Kong a 2005, Shanghai a 2016. Na Fulorida shi mutane ke nufi in sun ce Disney, kuma shi ne ya fi ruɗar baƙo, domin gidaje huɗu ne a fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 100, tsakanin wani da wani sai da bas ko jirgin ruwa ko jirgin dogo. Wanda ya ware kwana biyu ya ce zai gama su, gudu zai yi ta yi, ba hutu ba.

Gaskiya sun iya aiki, wannan ba a ƙwace musu. Fadar da ke tsakiyar Magic Kingdom ba ta kai mita 60 ba, amma in ka tsaya a gabanta sai ka rantse ta ninka haka, saboda tagogi da tubalan sama an yi su ƙanana da gangan don ido ya ɗauka nisa ne. Ƙasan da kake takawa kuma hawa na biyu ne. A ƙarƙashinsa akwai hanyoyin da ma'aikata da kaya da shara ke bi, don kada ka ga motar shara ta ratsa gaban fada. Irin wannan kula ita ce take cika waɗancan awa 11 ɗin.

Matsalar ita ce kowa ya san da haka. Fiye da mutum miliyan 17 suka shiga Magic Kingdom a 2023, ka raba da kwanakin shekara ka ga kusan dubu 48 kullum. Hangen Dala ba shiga birni ba ne: kana ganin lilon ga shi nan, amma tsakaninku awa ɗaya da rabi. A da akwai FastPass, tun 1999, ka karɓi lokaci kyauta ka je ka dawo. A 2021 aka soke shi a gidajen Amurka aka kawo na kuɗi. Yanzu bayan kuɗin shiga akwai kuɗin tsallake layi, kuma sai ka wuni kana leƙa manhaja kana kama lokaci. Uba ya biya maƙudan kuɗi don ya ga fuskar 'ya'yansa, ya ƙare da kallon fuskar waya. Ka ƙara da cewa ɗan shekara 10 kuɗin babba yake biya. Ban ce kada a je ba. Na ce a je da kwana biyar ko shida, a lokacin da makarantun Amurka ba sa hutu, in ba haka ba a haƙura da shi zuwa wata shekarar.

In ka tambaye ni nawa gwanin, Efteling ne, a ƙauyen Kaatsheuvel na ƙasar Holan. An buɗe shi a 1952, shekara uku kafin Disneyland. Asalinsa daji ne na tatsuniyoyi wanda mai zane Anton Pieck ya tsara, kuma har yau dajin na nan. Kana tafiya ƙarƙashin manyan itatuwa, ka ɓullo kan wani ɗan gida, ka leƙa taga ka ga labari yana motsi. Ba layi, ba awo, ba gaggawa. Abin da ya sace zuciyata kuwa kwandon shara ne. Sun yi wani ƙaton mutum-mutumi mai kumatu, baki a buɗe, yana ta kiran a kawo masa takarda. Ka miƙa masa, iska ta zuƙe ta ciki, ya yi maka godiya. Na ga yara suna rige-rigen tsintar shara a ƙasa don su ciyar da shi, har 'yata ta zo tana lalube aljihuna ko akwai tsohon rasit. Wurin tas, kuma yaran da ake tsoron su ɓata shi su ke share shi. Wanda ya yi wannan tunanin ya san yaro. Masu son faɗuwar gaba ma ba a manta da su ba, akwai Baron 1898 da ke rataye ka a bakin rami na ɗan lokaci kafin ya sake ka. Aibinsa biyu: ba tashar jirgin ƙasa a ƙauyen, sai ka sauka a Tilburg ka hau bas, kuma ruwan sama ba ya sallama.

Na biyu a wurina Tivoli ne na Kopenhagen a Denmak, tun 1843 yake. Kana fitowa daga babbar tashar jirgin ƙasa ka tsallaka titi ka shiga. Suna da jirgin katako na 1914 wanda har yau ma'aikaci ke zama a tsakiyarsa yana jan birki da hannu. Abin da ya sa nake yaba shi ga iyali mai tsofaffi shi ne kuɗin shiga daban, kuɗin lilo daban. Kaka ta biya na shiga kawai, ta zauna cikin furanni tana kallon jikoki, ba a caje ta kuɗin jirgin da ko da kyauta ba za ta hau ba. Sai dai ƙarami ne, na wuni ɗaya, kuma yana rufewa tsakanin wasu lokutan shekara, don haka a duba kalandarsu kafin a yanki tikitin jirgin sama.

Sauran in taƙaita. Tokyo DisneySea, na 2001, da dutsensa mai aman wuta a tsakiya, shi ne mafi kyawun gani a duk gidajen da ke ɗauke da sunan Disney, amma ya fi dacewa da manya, kuma yawancin wasanninsa da Japananci ake yi. Europa-Park na Rust a Jamus, tun 1975, na iyalin Mack ne, waɗanda su da kansu maƙeran lilo ne, kuma layinsu yana tafiya. Legoland, wanda ya faro a Billund ta Denmak a 1968, na 'yan ƙasa da shekara 12 ne, matashi zai yi ta hamma. In kuwa ku samari ne zalla, ba yaro ba tsoho, abin da kuke nema hanjinku ya kaɗa, to ku manta da duk abin da na faɗa ku nufi Cedar Point a Ohayo, bakin tafkin Erie. Can lissafina ba ya aiki, don ku layin ma hira ce.

Yanayi kuma, kada a raina shi. Fulorida a watannin Yuni zuwa Satumba kusan kullum da la'asar sai hadari ya haɗu, kuma da an ga walƙiya a kusa ake tsayar da duk lilon da ke waje. Lokacin guguwar teku ma daga Yuni ne har ƙarshen Nuwamba. Gidajen Turai da dama kuma ba sa aiki sosai da hunturu. Sannan kada ka sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa alhali biza ba ta fito ba, garin neman gira a rasa ido.

Daren ranar ƙanwata ta turo awon: 99, 118 da 137. Na ce mata da wannan lissafin, ga surukarta da za a tafi da ita, Efteling kwana biyu, in akwai sauran kuɗi a gangara Europa-Park saboda babban. Fulorida ta jira sai autan ya ƙara tsawon tafin hannu. Ta ce ita ta gamsu. Maigidanta ne bai gamsu ba, ya karɓi wayar ya ce, "Yaya, ni fa jirgin Ferrarin nan nake so in hau." Ashe duk kafewar da aka ce yara sun yi, ga mai ita nan. Na ce ya tsaya jikin bango shi ma a auna shi.