Mai kafa hujja da zaki, ya leƙa ɗakin tantabara

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Daren jiya muna teburin mai shayi a Bauchi Road, sanyin Jos ya hana kowa motsi, sai wani bawan Allah ya ce shi fa ba ya ɗaukar jariri ko da maiɗakinsa na kwance ba lafiya. Wai namiji zaki ne, zaki kuwa zakanya ke masa farauta. Aka kwashe da dariya. Ni dai maganar ta tsaya mini a rai.

Gaskiya ne, yawancin farauta zakanya ke yi. To amma malam, duk faɗin dajin Allah zaki kaɗai ka gani? Duk wanda ya taɓa kiwon tantabara ya san karɓa-karɓa suke yi wajen kwanci, namijin da rana, macen da dare, har wajen kwana 18 su ƙyanƙyashe, kuma dukansu ke ɗura wa 'ya'yan abinci baki da baki. Jimina ma namijin ke kwana kan ƙwai. Cilakowa ce ta fi ba ni mamaki. Macen takan shige kogon itace, a liƙe ƙofar sai 'yar tsaga, mijin ya yi ta jigilar abinci yana miƙa mata makonni a jere. Ranar da ya yi lalaci, gidan ya kwana da yunwa. Kura kuwa mace ce shugaba, ta ma fi namijin girma. Can cikin teku akwai wani kifi mai kai irin na doki, namijin ke ɗaukar ƙwai a jakar cikinsa har su fito.

Allah Ya faɗa a Suratul An'am, aya ta 38, cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne irinmu. Kowace Ya ba ta halittarta sannan Ya shiryar da ita, kamar yadda Annabi Musa (AS) ya amsa wa Fir'auna a Suratu Ɗaha, aya ta 50. Su ke nan tasu shiriyar. Mu kuwa Manzo aka aiko mana. An tambayi Nana A'isha (RA) abin da Annabi (SAW) ke yi a gida, ta ce yakan kasance cikin hidimar iyalinsa, idan lokacin salla ya yi ya fita. Bukhari ne ya ruwaito.

Da na kawo wa mutumin hadisin nan, shiru ya yi yana juya shayinsa, can ya ce a naɗe masa burodi da ƙwai zai kai gida. Allah Ya ba ta lafiya.