Ƙasar da bindiga ta kasa ci, kada a miƙa ta a teburin sulhu

Ranar 24 ga Fabrairun 2022, lokacin da tankokin Rasha suka tsallaka iyakar Yukren, masu lissafi a Mosko da Washington sun ɗauka birnin Kyiv ba zai jure ko 'yan kwanaki ba. Ya jure. Zuwa farkon Afrilu sojojin Rasha sun janye daga kewayen babban birnin, suka bar gawarwakin fararen hula yashe a titunan garin Bucha. A watan Satumba Yukren ta ƙwato mafi yawan yankin Kharkiv, a Nuwamba ta karɓe birnin Kherson. Daga nan yaƙin ya sauya kama, ya zama na jan ƙafa. Sai da aka shafe watanni ana zubar da jini kafin garin Bakhmut da ke gabashin Yukren ya faɗa hannun Rasha a Mayun 2023, haka garin Avdiivka a Fabrairun 2024, kuma dukkansu kango aka tarar. Abin da ke hannun Rasha yanzu kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na ƙasar, har da Kirimiya da ta ƙwace tun 2014.

Jirage marasa matuƙa ne suka ɗaure fagen daga haka. Ƙaramin jirgi na 'yan ɗaruruwan daloli yana iya ƙone tankar da ta ci miliyoyi. Da kowane ɓangare ya koyi toshe siginar abokin gaba, sai aka koma ga jiragen da ke jan siririn zaren waya a bayansu, waɗanda ba a iya rikita su, har zarurrukan suka lulluɓe gonaki da itatuwa kamar saƙar gizo. Hanyoyin da ake kai wa sojoji abinci da harsashi sai an kafa musu raga a sama tsawon kilomitoci. Sojan da ya ji rauni yakan kwana a rami yana jira, domin motar da za ta ɗauke shi ba ta isa ta fito da rana ba. A irin wannan fage babu mai iya tara dubban dakaru wuri guda ya kutsa, sai dai a riƙa turo mutum biyu ko uku a ƙafa ko a babur, wasu su isa, da yawa su mutu a hanya.

Tun da fage ya cije, sai hukuncin ya koma baitulmali. Ƙasashen Yamma sun riƙe kadarorin babban bankin Rasha na kusan dala biliyan 300, kuma a Disambar 2022 suka ƙayyade farashin gangar ɗanyen man Rasha a kan dala 60. Rasha ba ta durƙushe ba. Ta juya akalar man zuwa Indiya da Sin, ta tara tsofaffin jiragen ruwan dakon mai masu ɓoye mamallakansu, masana'antun makamai suka riƙa aiki dare da rana. Amma wannan bunƙasa tana da tsada. A Oktoban 2024 babban bankin ya kai kuɗin ruwa kashi 21 cikin ɗari don ya danne hauhawar farashi, ma'aikata sun yi ƙaranci saboda matasa suna fagen daga ko sun bar ƙasar, kuma hare-haren Yukren kan matatun mai a 2025 sun jawo dogayen layuka a gidajen mai na wasu yankuna. Yukren ma tana jin jiki, har fiye. Albashin malamanta da likitocinta ya dogara ne da tallafin waje, kowane hunturu ana ragargaza mata tashoshin lantarki, miliyoyin mutanenta suna gudun hijira, kuma a Afrilun 2024 dole ta sauke shekarun ɗaukar soja daga 27 zuwa 25.

A cikin wannan gajiya ne Donald Trump ya dawo mulki a Janairun 2025 da alƙawarin kawo ƙarshen yaƙin. Duniya ta ga yadda aka yi wa Shugaba Zelensky na Yukren faɗa a Fadar White House a ƙarshen Fabrairu, ta kuma ga yadda aka shimfiɗa wa Shugaba Putin na Rasha jar darduma a Alaska cikin Agusta. Buƙatar Mosko ba ɓoyayya ba ce: Yukren ta haƙura da shiga NATO, ƙungiyar tsaron ƙasashen Yamma, ta kuma janye daga sauran yankin Donetsk da ke hannunta, har da biranen Sloviansk da Kramatorsk da ta shafe shekaru tana ƙarfafa musu tsaro. Wato a ba Rasha da alƙalami abin da ta kasa samu da igwa.

Ina son a daina kashe mutane, kuma duk wanda ya ga hoton uwa tana tono ɗanta daga ɓaraguzan gida zai so haka. Amma wannan ciniki ba zai kawo zaman lafiya ba. A 1994 Yukren ta amince ta miƙa makaman nukiliyar da ta gada daga Tarayyar Sobiyat, Rasha da Amurka da Birtaniya suka sa hannu a Budapest cewa za su mutunta iyakokinta. Yarjejeniyoyin Minsk na 2014 da 2015, na tsagaita wuta a gabashin Yukren, su ma ba su hana komai ba. Ƙasar da aka saɓa wa alƙawari har sau uku, in aka ce ta bar garuruwan da suka tare hanyar shiga tsakiyarta don a ba ta wata sabuwar takarda, tana da hujjar ƙin yarda.

Na san da yawa daga cikin masu karanta wannan suna tare da Putin. An ga tutocin Rasha a Kano lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024, an daɗe ana ganinsu a Yamai. Fushin da ke bayan haka na gaskiya ne. Amurka ta mamaye Iraƙi a 2003 bisa ƙarya, NATO ta ruguza Libiya a 2011 makamai suka kwararo Sahel muna biya da rayukanmu har yau, kuma waɗanda ke kuka saboda Kyiv su ne suka kau da kai daga Gaza. Duk wannan haka yake. Amma haushin kaza ba a huce shi kan dami. Manomin Kherson da aka dasa wa nakiya a gona ba shi ya jefa bam a Bagadaza ba. Batun faɗaɗar NATO da Rasha ke kafa hujja da shi kuwa, mamayar ce da kanta ta tura Finland cikin ƙungiyar a 2023 da Sweden a 2024, bayan shekaru masu yawa suna 'yan ba-ruwanmu.

Hujjar da Putin ya fi nanatawa ita ce wadda ta fi ba ni tsoro, cewa Rashawa da 'yan Yukren al'umma ɗaya ce, don haka iyakar da ke tsakaninsu kuskuren tarihi ce. Mutumin Katsina da na Maraɗi harshensu ɗaya, sarautarsu ma tushe ɗaya, Turawa ne suka ja layi tsakaninsu. Shugabannin Afirka sun san da wannan sarai lokacin da suka amince a Alƙahira a 1964 cewa za a mutunta iyakokin da aka gada, saboda sun hango jinin da zai zuba in kowa ya ce zai gyara taswira da ƙarfi. Najeriya ta fi Kamaru soja da kuɗi, amma da Kotun Duniya ta yanke hukunci kan Bakassi a 2002, ta haɗiye ɗacin ta miƙa yankin a 2008.

Sulhun da zan goyi baya shi ne a tsagaita wuta inda kowa yake tsaye, ba tare da an halatta wa Rasha ko taku ɗaya na abin da ta ƙwace ba, a ba Yukren kariyar da ta wuce sa hannu a takarda, a sako fursunoni, a maido da yaran da aka kwashe, waɗanda saboda su Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta fitar da sammacin kama Putin a Maris ɗin 2023. A Maris ɗin 2022 ƙasashe 141 suka yi tir da mamayar a Majalisar Ɗinkin Duniya, Najeriya da Nijar da Ghana suna cikinsu. In aka kawo wata yarjejeniya da ta hatimce ƙwacen ƙasa, ya kamata Abuja da Tarayyar Afirka su faɗa a fili cewa ba za su amince da sabuwar taswirar ba.