Ba kowane alƙali ne alƙalin shari'arka ba

Jiya da dare a teburin mai shayi nan Unguwar Rogo wani yaro yake ta kumfar baki wai abokinsa ya cinye masa dubu tamanin, wallahi sai ya kai shi har Kotun Ƙoli. Dariya na yi har shayi ya sarƙe ni, amma daga baya abin ya tuna min kawuna sai dariyar ta koma ciki.

Kawun nan nawa fili gare shi a cikin gari da takardar mallaka ta gwamna, wani ya zo ya kafa harsashi a ciki, shi kuma a saninsa alƙali ai alƙali ne, ya tafi kotun yanki ya yanki sammaci. Shekara biyu ana je ka dawo, kuɗin mota, kuɗin shaidu, yau an ɗage gobe lauyan wancan ba shi da lafiya, har Allah ya sa ya yi nasara aka yi walima da waina. Ɗaukaka ƙara ɗaya mutumin ya yi aka rushe komai, wai kotun ba ta da hurumi, wato ikon sauraron irin wannan shari'ar. Ashe dokar filaye ta 1978 cewa ta yi filin da gwamna ya ba da takardarsa Babbar Kotu ce kaɗai ke fara sauraron rigimarsa. Ba a ce ba shi da gaskiya ba fa, ƙofar da ya shiga ce ba ita ba.

Kalmar nan hurumi ita ce mutanenmu ba su sani ba. Alƙalin kotun yanki shi ne na aure, saki, gado, riƙon yara, kuma wanda bai gamsu ba a irin waɗannan sai ya wuce Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci gaban kadi uku, shugabansu Girandi Kadi. Mu nan Filato har da ta al'ada muna da ita, ita ma da nata alƙalan. Majistare kuwa shi 'yan sanda ke kai wa masu ƙananan laifi, amma kisan kai ko fashi da makami ya fi ƙarfinsa, iyakarsa ya tura gidan yari a jira Babbar Kotu, kuma can ake mantawa da bayin Allah. Jojin Babbar Kotu sai ya yi shekara 10 da zama lauya, na Ɗaukaka Ƙara 12, na Kotun Ƙoli 15, tun 2023 kuma dukkansu sai sun kai shekara 70 da haihuwa ritaya ke zame musu dole. Wanda aka kora daga aiki ma kotunsa daban, ta ma'aikata.

Abin da ke ba ni haushi, lokacin shari'ar zaɓe kowa ya zama lauya a Facebook, an haddace sunayen alƙalan Abuja kamar 'yan ƙwallo, amma tambayi mutum wa ke zama a kotun da za ta raba gadon ubansa, sai ya hau sosa ƙeya. Alhali yawancinmu har mu mutu ba za mu taka Kotun Ƙoli ba, alƙalin ƙaramar kotun nan da ke zama a ɗaki mai yoyo da fanka ɗaya shi ke yanke rayuwarmu.

Kawu dai ya sake shigar da ƙara daga farko, yanzu da lauya. Mutumin har ya kai ginin linta.